Gyaran da ya sayar mana da gidan gado a Hotoro

Gidan mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yana Hotoro a cikin Kano. Ginin farkon shekarun 1980 ne: ɗakuna huɗu, falo biyu, kicin a waje, tsakar gida mai faɗi, rijiya a kusurwar gabas, da wata tsohuwar darbejiya a ɓangaren yamma. Bayan rasuwarsa muka taru mu magada muka amince a sayar. Kowa da inda yake zaune, Hajiya ta koma wurin Yayanmu babba, gidan kuma ba zai yanku ya ishi kowa ba.

A ƙarshen daminar 2024 muka ba dillalai. Masu kallo sun zo, amma tayin da suke yi kuɗin fili ne kawai. Wasu ma ba sa ɓoyewa, sai su ce ai rushewa za su yi su tayar da sabo. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Ginin lafiyarsa ƙalau, babu tsaga ko ɗaya a bango, bulon da aka yi shi da shi ya fi na yanzu nauyi da ƙwari. A ce a zubar da wannan duka a bola, a sake sayen siminti da rodi da yashi a kan tsadarsu ta yau, ni a wurina almubazzaranci ne.

Babban dillalin, dattijo ne da ya san unguwar ciki da bai, ya ba mu shawararsa. Ya ce da Yaya: "Alhaji, ido ne yake sayen gida. Ku yi silin na zamani mai fitilu kala-kala, ku manna tayil har waje, ku sa sabon get, ku sare bishiyar nan, a shimfiɗe tsakar gidan da siminti. Wallahi sati biyu ba zai yi ba."

Ni kuwa da yake ni nake buɗe wa masu kallo ƙofa, abin da kunnena yake ji daban ne. Ba wanda ya taɓa tambayata silin. Tambayoyin ba sa wuce uku: awa nawa ake samun wuta a layin nan, akwai ruwa ko sai an saya, sannan da an shiga ɗakunan yamma sai ka ga mutum ya ciro hankici yana cewa, "Kai, ɗakin nan da zafi."

Kuma ba abin mamaki ba ne. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, zuwa ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Janareton da a da ake kunnawa daga magariba zuwa sha biyun dare ya zama sai an yi lissafi. A watan Afrilun 2024 aka ƙara wa 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka ware wa awoyin wuta mafi yawa a rana, kuɗin wuta daga kusan naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit. Sai kuma ga duhun watan Oktoban 2024, lokacin da jihohin Arewa da dama suka haura mako guda babu wuta, 'yan ga-ruwa suka tsawwala, ƙanƙara ta zama abin nema. Duk wanda ya fito neman gida bayan wannan, abin da yake aunawa shi ne nawa gidan zai riƙa ci masa a kowane wata.

Da wannan na je wa 'yan uwa. Na ce kuɗin da za mu zuba a ado mu zuba shi a abin da zai rage zafi, ya rage sayen mai, ya rage sayen ruwa. Yaya bai gamsu nan take ba. Ya ce, "To idan muka kashe kuɗin kuma bai dawo ba fa? Dukiyar marayu ce a ciki." Maganarsa gaskiya ce, domin akwai ƙannenmu da ba su kai munzali ba. Muka je wurin malamin da ya yi mana lissafin gado, ya ce kada a taɓa komai sai da yardar kowane baligi da waliyyin ƙananan, kuma ya fi kyau masu hali su ba da kuɗin a matsayin rance, a rubuta, a sa shaidu, a cire musu daidai abin da suka bayar kafin rabo, babu ƙarin ko kwabo. Haka aka yi. Ni da Yaya da wata yayarmu mace muka haɗa, muka sayi littafi guda wanda ko ƙusa aka saya sai an rubuta a ciki an liƙa rasit.

Da rufi muka fara, tun cikin hunturu. Mai haɗa sola da na fara kira, wani matashi injiniya, shi ne ma ya ce mini, "Yaya, kada ka sayi komai a wurina tukuna. Ka fara rage zafin gidan da abin da yake cin wuta, sai mu auna abin da ya rage. In ba haka ba za ka sayi babban kaya ne don ka sanyaya tanda." Na ji daɗin wannan magana, domin da wani ne da ya lissafa mini kaya mafi tsada ya tafi.

Kwanon gidan ya yi tsatsa ya koma baƙi-baƙi, baƙin abu kuwa zafi yake sha. Kafinta ya hau ya duba, ya ce kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ya mutu. Muka canza waɗannan, sauran aka kankare, aka shafa maganin tsatsa, aka bi da farin fenti na rufi. A ƙarƙashin kwanon na ɗakunan yamma aka shimfiɗa takardar alminiyam mai kumfa wadda take mayar da zafi. Sai abu mafi arha a cikin aikin duka, wanda kuma na fi alfahari da shi: tsakanin silin da kwano babu ko ƙofar numfashi, iskar da ta gasu tun hantsi nan take kwana tana sauko wa mutane da daddare. Magini ya huda bango a can sama ta gefe biyu masu fuskantar juna, aka sa bulo mai huji, aka rufe da raga saboda jemage da tsuntsaye. Iska mai zafi sama take yi, in ta samu hanya ficewa take.

Silin ɗin tsohon yayi ne, na asbesto. Irin wannan in yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, ba ya fitar da komai, amma ƙurarsa idan aka farfasa tana illata huhu ƙwarai. Don haka na hana a ɓarke shi. Masu lafiya aka bar su aka yi musu fenti, waɗanda yoyo ya lalata aka jiƙa su da ruwa aka ciro su ɗungurungum, ma'aikatan da takunkumi a fuska. Sai da na tsaya a kansu, domin yaran kafinta sun saba su sa guduma kawai.

Inda muka fi jayayya da dillali shi ne tagogi. Gidan tagogin luba gare shi, masu yankakkun gilasai da ake ɗagawa a sauke. Ya ce sun tsufa, a sa na turawa irin na yanzu. Amma taga ta turawa komai girmanta rabinta ne kawai yake buɗewa, luba kuwa idan ka buɗe ta kusan duk faɗin tagar iska ce. Muka sayi sababbin ƙarafunansu, aka maye gilasan da suka fashe, aka sa sabuwar ragar sauro. Ɗaki biyu da suke da taga ɗaya ɗaya aka fasa musu ta biyu a bangon da ke fuskantarta, don iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Tsofaffin ƙofofin katako kuma aka goge su aka shafa musu mai, suka fito fes. Ba a samun irin wannan katakon yanzu sai da kuɗi mai yawa.

Duk wannan ba sabon ilimi ba ne. Wanda ya taɓa shiga Gidan Makama ko wani tsohon soro a cikin birni da tsakar rana ya san yadda kaurin bangon tubali da tsayin rufin azara da ƙananan tagogi a can sama suke riƙe sanyi ba tare da ko fanka ba. Mun bar wannan mun koma siririn bulo da kwano, muna biyan kuɗin mai don mu gyara abin da ginin ya ɓata. Magininmu, wanda ya ce a hannun kakansa ya koyi aikin ƙasa, da ya ga inda na dosa sai ya ƙara da nasa: ya ce bangon yamma shi yake shan ranar la'asar, a yi masa rumfa. Aka kafa ƙarafa aka yi 'yar baranda mai faɗin mita ɗaya da rabi a jikinsa.

Darbejiyar kuwa na ce ko za a fasa cinikin ba za a sare ta ba. Inuwarta tana rufe kusan rabin tsakar gida daga azahar. Abin da aka yi mata shi ne sassabe rassan da suka hau kan rufi, sannan aka haƙa rami tsakaninta da gini aka datse saiwoyin da suka nufi tushen bango, domin wannan ne ainihin abin da masu saye suke tsoro game da ita. A gefen rijiya muka dasa zogale da lemun tsami da gwaiba, nesa da bango.

Daga nan sai ruwa. Rijiyar Baba ba ta taɓa ƙafewa ba, sai dai tana ja baya sosai a watan Afrilu da Mayu. Aka yashe ta, aka ɗaga bakinta, aka yi mata murfi, aka sa ƙaramin injin turo ruwa zuwa tanki a sama. Na kai ruwan ɗakin gwaji aka auna, na ajiye takardar sakamakon. Falamba ya auna tazarar da ke tsakanin rijiyar da ramin bayan gida, ya ce ana son aƙalla mita 15, in da hali ma 30, tamu kuma ta haura ta farkon da kyau. Duk famfon da yake ɗiga aka canza shi.

Ruwan sama ne ya fi ba ni sha'awa, saboda lissafinsa mai sauƙi ne kuma mutane ba sa yi. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce. Rufinmu ya kai murabba'in mita 150. Shekarar da aka samu milimita 800, lita 120,000 ke nan suke sauka a kan kwanon, wato jarka 4,800 mai cin lita 25. A da duk wannan indararo yake watso shi tsakar gida, ya bi kwata, ya haɗu da na maƙwabta ya cika layi. Muka kewaye rufin da magudanar roba, aka haɗa ta da tanki biyu masu cin lita 2,000 kowanne. Kafin tankin akwai wani bututu da yake kama ruwan farko, wanda ya wanko ƙura da kashin tsuntsaye, sai ya cika sannan mai tsabta ya wuce. Tanki biyu ba za su riƙe ruwan damina ba, ba ma kusa. Don haka rarar aka bi da ita zuwa wani rami da aka cika da duwatsu da tsakuwa, ta nutse a ƙasa. Saboda wannan dalili ne ma na ƙi a shafe tsakar gidan da siminti: aka yi hanyar tafiya da intalok daga get zuwa ƙofofi, sauran aka zuba tsakuwa. Siminti ba ya shan ruwa, kuma da daddare yana amayo zafin da ya tara. Unguwannin da kowa ya shafe gidansa da siminti su ne ruwa yake rasa wurin zuwa, rijiyoyinsu kuma suna ƙara nisa.

Kicin bai ci kuɗi ba. Bangonsa ya yi baƙi ƙirin da hayaƙin icce. Aka kankare, aka faɗaɗa taga, aka yi wa tukunyar gas ɗan keji a waje aka shigo da bututu ta bango.

Sai da aka gama waɗannan na koma wa injiniyan. Muka bi ɗaki ɗaki. Tsofaffin ƙwayaye masu cin wat 60 aka maye su da masu cin wat 9, haske kuma bai ragu ba. Fankokin sama na da kowace tana cin wat 70 ko fiye, muka sa sababbi masu cin kusan rabin haka a ɗakunan kwana da falo. Da ya sake lissafi, sai ya ce faifan sola shida masu wat 500, da inbata (na'urar da take mayar da wutar batir irin wadda kayan gida suke amfani da ita) mai ƙarfin 3.5kVA, da batirin litiyam mai ɗaukar yunit 5 sun isa fitilu da fankoki da firji da talabijin da cajin waya. Dutsen guga da hita aka ware musu layinsu daban, ba sa hawa kan batir. Injin rijiya kuma da rana ake kunna shi lokacin da faifan suke kan ganiyarsu, tanki ya cika, a yi ta amfani har gobe.

Na zaɓi litiyam duk da ya fi tsada, saboda wanda zai sayi gida ba ya son gadon wahala. Batir mai ruwa sai ana duba shi ana ƙara masa ruwa, ba a son a zuƙe shi ya wuce rabi, kuma zafin Kano yana gajarta masa kwana. Faifan aka kafa su suna fuskantar kudu, da ɗan karkata kaɗan, domin Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya. Aka bar tazara tsakaninsu da kwano don iska ta ratsa, aka yi tsani na ƙarfe mai makulli, saboda ƙurar hunturu tana rage musu ƙarfi sosai in ba a wankewa. Aka binne sandar tagulla a ƙasa saboda tsawa. Kayan wuta a Sabon Gari muka saye su, ƙarafa da bututu a Ƙofar Ruwa, kuma duk abin da yake da garanti sai da na karɓi takardarsa da lambar jikinsa a rubuce, domin jabun faifai da batira sun yi yawa a kasuwa. Sola ita kaɗai ta cinye fiye da rabin kuɗin gyaran.

Ana cikin wannan Yaya yana bin takardu. Takardar mallakar da sunan Baba take, don haka sai da aka haɗa da takardar kotu ta rabon gado da sa hannun magada. Ya je KANGIS, hukumar da take ajiye bayanan filaye a Kano, aka duba fayil aka tabbatar babu wata matsala a kan filin, ya biya harajin ƙasa da ya taru, muka kuma tabbatar babu bashi a kan mitar wuta. Gyara komai kyansa ba ya sayar da gidan da takardunsa suke da ayar tambaya.

Aiki ya ɗan lafa da azumi, muka kammala bayan ƙaramar Sallah, daidai lokacin da zafi ya kai maƙura, ana haura digiri 40. Na ce da dillali duk mai son kallo ya kawo shi tsakanin azahar da la'asar. Ya dube ni ya ce, "Ranka ya daɗe, wa yake nuna gida da wannan rana?" Na ce gani ya kori ji. Mutum zai fito daga mota yana gumi, ya ratsa inuwar darbejiya, ya shiga ɗakin yamma ya tarar da fanka tana juyawa alhali babu wuta a layin, ya buɗe firji ya sha ruwa mai sanyi. Ba na yin dogon bayani. Na kan miƙa masa fayil mai ɗauke da rasitai da takardun garanti da sakamakon gwajin ruwa da zanen yadda aka raba layukan wuta.

Abin da na lura da shi, maza wurin inbata suke tsayawa, suna tambayar ko za ta ɗauki na'urar sanyaya ɗaki. Ina gaya musu gaskiya: ƙarama guda za ta yi da rana, da daddare kuwa sai an ƙara batir, kuma an bar wurin ƙarin. Mata kuwa famfo suke fara murɗawa, su leƙa kicin, su tambayi ko ruwan yana kaiwa ƙarshen rani. A ganina su ne suke yanke hukunci, ko da ba su yi magana a gaban dillali ba. Ba kowa abin ya burge ba. Akwai wanda ya ce shi gida babu tayil a tsakar gida ƙauye ne, akwai kuma masu neman fili waɗanda gyaran bai ƙara musu komai ba. Amma maganar rushewa ta ragu, tayi kuma ya fara hawa.

Wanda ya saya ma'aikacin asibiti ne mai iyali. Ya zo shi kaɗai, ya dawo da maiɗakinsa, sannan ya turo nasa mai gyaran wutar ya bincika komai, abin da na ji daɗinsa. Bayan babbar Sallah, da aka yi ruwa mai ƙarfi da daddare, ya kira ni da sassafe ya ce yana so ya ga tsakar gidan kafin ta bushe. Ya tarar babu ruwa kwance, tankunan sun ɗauka. A ranar ya yi tayin da Yaya ya ce masa, "Allah Ya sa albarka, mun sallama."

Da muka zauna lissafi, abin da aka samu a kan tayin farko ya biya rancen gyaran duka, ya bar rara mai kauri da ta shiga rabo. Amma in an bi abu ɗaya ɗaya, ba duka ne suka dawo da kuɗinsu daidai ba. Sola ita ta jawo mutane, sai dai mai saye yana kallonta a matsayin kayan da aka riga aka fara amfani da su, ba zai biya farashin shago ba. Fentin rufi da hujin iska da tagogi da gyaran rijiya, waɗanda ba su ci wani abin kirki ba, su ne suka canza yadda gidan yake a jikin mutum, kuma su ne ribar. Da kuɗinmu bai kai na sola ba, da waɗannan zan yi in tsaya, in ja wayoyin kawai in bar wa mai saye ya kafa tasa.

Lauya ya rubuta yarjejeniya, aka lissafa a ciki duk abin da ya shiga cinikin: faifai shida, inbata, batir, tankuna, injin rijiya da fankoki, kowanne da lambarsa, don kada gobe a ce an cire wani abu. Mai unguwa da shaidu suka sa hannu, dillalai suka karɓi la'adarsu. Injiniyan ya zo ya nuna wa mai gidan da babban ɗansa yadda ake karanta allon inbata, da yadda ake wanke faifai da safe kafin su yi zafi, ni kuma na nuna musu inda ake kwance bututun ruwan farko a zubar bayan kowane ruwa. Aka cire mana rancenmu, aka fitar wa Hajiya tumuninta, malam ya raba sauran, kason ƙananan aka sa a asusu da sunayensu. Neman amincewar gwamna kan sauya sunan mai mallaka, kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada, yana hannun lauyan mai saye, Yaya kuma yana zuwa duk lokacin da aka buƙaci sa hannunsa.